Hotunan kakanmu alƙali sun fara lalacewa, yaya za mu yi da su?

"Assalamu alaikum Malam. Kakanmu alƙali ne a zamanin En'e a ƙasar Zazzau, mahaifinmu kuma ya yi sakataren ƙaramar hukuma. Bara da kakarmu ta rasu aka buɗe adakarta, muka tarar da hotuna kusan 40 a ƙunshe cikin tsohon zane. Wasu sun nannaɗe, wasu sun yi ɗorawa, masu kalar kuma duk sun koma ja. Babban hoton kaka da ke rataye a falo tun muna yara ya manne da gilashinsa ta ƙasa. Yayanmu ya ce a kai su duka a yi musu laminatin, a kuma sa wa tsofaffin kala da waya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mece ce shawararka?" Wata mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Hajiya da alƙali, ya kai haske kabarinsu. Hankalinki da bai kwanta ba ya yi gaskiya, kuma kafin in ce komai ina roƙonki ki lallashi yayanku ya dakata da maganar laminatin. In na fahimce ki, abu uku ne a gabanki: hotunan adaka da suka fara nuna tsufa, babban hoton da ya kama gilashi, da kuma gyaran da ake shirin yi musu. Na ukun ne ya fi tayar mini da hankali. Na fara koyon wankin hoto a wani shago a Sabon Gari ina saurayi, na daɗe a ɗakin duhu kafin in koma aikin kwafe tsofaffin hotuna na gidaje, kuma yawancin hotunan da aka kawo mini bayan sun riga sun mutu, ba gara ce ta ci su ba, hannun masu son gyarawa ne ya kashe su.

Abin da ke cikin takardar

Hoton baƙi da fari irin na zamanin alƙali ba tawada ba ce a kan takarda. Ƙananan ƙwayoyin azurfa ne, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, zaune cikin wani siririn shafe mai kama da ƙaro da ake kira jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Idan kin riƙe wannan a rai, duk sauran bayanin zai zo miki da sauƙi. Azurfa tana dusashewa idan ta haɗu da gurɓatacciyar iska, kamar yadda awarwaron azurfa ke yin baƙi a ajiye. Shi kuma jelatin abinci ne ga fumfuna da kyankyasai, yana shan danshi ya kumbura, yana bushewa ya tsuke.

To ki duba yanayinmu. A watan Agusta iskar Zariya jiƙe take sharkaf, jelatin ya yi laushi ya yi danƙo. A watan Janairu hunturu ya busar da shi ƙayau, ya tsuke fiye da takardar da ke bayansa, sai ya ja ta ta lanƙwashe. Shekara 60 ko 70 ana wannan ja-in-ja, shi ya sa kika same su a nannaɗe. Masu ajiyar kayan tarihi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kuma da zarar ya wuce 65 ya daɗe a haka, fumfuna ta samu wurin zama. Mu kuwa muna wuce iyakar ta sama da damina, mu faɗo ƙasa da ta ƙasa da hunturu.

Ɗorawar da kika gani a wasu, sau da yawa laifin ranar farko ne. Bayan an fito da hoto ana tsoma shi a maganin da ke tsayar da shi, sannan a ɗauraye maganin da ruwa mai yawa na dogon lokaci. Mai hoton da ke sauri, ko wanda ruwa ya yi masa ƙaranci, sai ya rage ɗaurayar, ragowar maganin kuwa ya zauna a takarda yana cin azurfar a hankali. Shi ya sa za ki ga hotuna biyu na shekara ɗaya, a adaka ɗaya, ɗaya garau ɗaya ya koɗe. Idan kuma kika karkata hoto a haske kika ga gefensa yana ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar madubi, azurfar ce ta taso sama. Kada a goge, ba datti ba ne, jikin hoton ne.

Masu kalar na zamanin mahaifinku labarinsu daban. Su babu azurfa a cikinsu, rini ne kala uku a jere, kuma ba sa koɗewa tare. Mai shuɗi-shuɗin yakan riga sauran tafiya a hotunan shekarun 1970 da 1980, sai ja ya rage shi kaɗai a fili. Wannan yana faruwa ko a cikin duhu, zafi ne ke tura shi. Don haka abin da zai ba ki mamaki: hotunan mahaifinku sun fi na kakanku gaggawa, su ya kamata a fara kwafewa.

Laminatin, salatif da sauran gyaran gaggawa

Na san abin da ya sa yayanku ya kawo shawarar laminatin. Yana ganin takardun makaranta da aka yi wa, ruwa ba ya taɓa su, sai ya ga ai hoto ma haka. Amma injin yana aiki ne da zafi da gam, yana narka leda ta shige cikin fuskar hoton. Babu wanda zai iya ɓare ta daga baya ba tare da ya ɗebo fuskar ba. Ragowar magani da danshin da ke cikin takardar an kulle su ciki ke nan. Bayan 'yan shekaru gefe ya buɗe, danshi ya shiga ta nan ya kasa fita, sai ki ga tabo yana yaɗuwa a ƙarƙashin leda kina kallo ba yadda za ki yi. Idan har ana son a yi laminatin, a yi wa kwafi, a yi guda goma ma.

Haka salatif. Duk hoton da ya yage aka liƙa masa, bayan wani lokaci ledar ta faɗi, gam ɗin ya bar jan layi da ya ratsa takarda har gaba. Wanda ya yage a haɗa gutsattsarin a ninke su cikin farar takarda, a bar wa kwamfuta haɗin. Kada a goge fuskar hoto da jiƙaƙƙen tsumma, ko yawu, ko kananzir. Ƙura kawai ake kaɗewa, da buroshi mai laushi irin sabon burushin kwalliya da bai taɓa hoda ba. A wanke hannu a shanya shi kafin a taɓa, ba mai ba basilin, a riƙe ta gefe.

Waɗanda suka nannaɗe kuma, kada ki buɗe su da ƙarfi cikin hunturu, za ki ji wata 'yar ƙara, ki ga farin layi ya ratsa fuskar mutum, wannan layin kuwa ya zauna ke nan. Ki bari sai an yi ruwa biyu ko uku, iska ta yi laushi, ki shimfiɗa su a ɗaki su sha iskar yini guda, za su saki da kansu. Sannan ki sa kowanne tsakanin fararen takardu, ki ɗora littafi mai nauyi na mako biyu. Wanda ya ƙi, a ƙyale shi a nannaɗe. Dutsen guga kada ya zo kusa.

Hoton da ya kama gilashi

A nan zan gaya miki abin da ya same ni, don kada ya same ki. Ina cikin shekarata ta uku a shago wani dattijo ya kawo hoton mahaifinsa, dagaci ne, zaune a kujera da rawani da alkyabba, ya manne da gilashi daga ƙirji zuwa ƙasa. Maigidana ba ya nan. Na ɗauki reza na sa ta gefe ina ɗagawa a hankali, ina jin yana saki, ina murna. Da na kai tsakiya sai na ga takarda fara fat a hannuna, hannayen dagacin da carbinsa suna can a jikin gilashi. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, ya ce shi ke nan hoton da suke da shi, ya naɗe abinsa a jarida ya tafi. Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin da ya faru da naku shi ne, an sa hoton ya jingina kai tsaye da gilashi, danshin bango ya taru ta ƙasa, jelatin ya yi laushi ya kama. Yanzu gilashin ya zama ɓangaren hoton. A sauke shi daga bango, a cire katakon firam ɗin da kwalin baya idan suna fita ba gardama, a bar hoton da gilashinsa tare. A goge gilashin ta waje kawai, a ɗauki hotonsa ta cikin gilashin, sannan a naɗe shi a farar takarda, a sa shi tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi, a ajiye a kwance. Ko gilashin ya fashe, kada a zare ɓallin da ya manne. Akwai ƙwararru a manyan gidajen adana kayan tarihi da ke raba irin wannan ta hanyar ba shi danshi a hankali cikin akwati na musamman, su ma ba kullum suke dacewa ba. Ni ba na yin wannan aikin, kuma ba zan ba ki shawarar jiƙa shi a ruwa ba, ko da wani ya ce ya taɓa yi ya dace.

A bangon falo kuwa a rataye kwafi. Wannan ita ce shawarata a kan duk hoton da kuke son baƙi su gani: na ainihi ya huta a duhu, kwafi ya sha rana da hayaƙin turaren wuta. In za a sa a firam, a ce wa mai firam ya yanka farin kwali ya zagaye hoton, yadda fuskarsa ba za ta taɓa gilashi ba.

Sunayen sun fi takardar saurin tafiya

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Takardar da ta kai shekara 70 a adaka za ta iya jiran wata shida. Tsohuwar da ta san waɗanda ke cikin hoton ba lallai ta jira ba. Hoton ma'aikacin hukuma ba kamar hoton biki ba ne. Wanda ke gefen alƙali wataƙila muhutinsa ne, wato mai taimaka masa a shari'a, na bayansa magatakarda, na tsaye da sanda ɗan doka, kowannensu yana da jikoki a wani gida da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Idan sunayen suka ɓace, abin da ya rage shi ne wasu mutane masu rawuna.

Na taɓa zama da wata gwaggo mai shekara fiye da 80 a tsakar gida, an ɗora mata hoton taron ma'aikata a cinya. Da farko ta ce idonta ba ya gani. Jikarta ta buɗe kwafin a waya ta ƙara girmansa, ta bi fuska ɗaya-ɗaya. A ta huɗu sai tsohuwar ta dafa wayar ta ambaci laƙabin da ake kiran mutumin da shi a gida, ta ce shi ne ke kawo wa maigidan takardu a kan keke, kullum sai ta ajiye masa fura. Daga nan bakinta ya buɗe, kafin la'asar mun samu suna 11 cikin 15, har da garuruwansu. Ki yi haka da duk dattijon da ya rage a danginku, mata musamman, don su suka san wanda ke shiga gida. Ki kunna rikodar waya, kada ki katse su, ki ba kowane hoto lamba ki faɗi lambar da baki kafin su fara magana.

Rubutu a bayan hoto da fensir mai laushi ake yi, a gefe, ba dannawa. Biro yana huda takarda, tawadarsa tana tsallakawa zuwa hoton da ke ƙasa. Lamba kawai ta isa a baya, cikakken bayanin ya tafi littafi: wane ne, muƙaminsa a lokacin, ina ne, wa ya faɗa. Abin da aka tabbatar daban, abin da ake zato a rubuta cewa zato ne.

Shekarar hoton kuma sau da yawa tana cikinsa ga mai lura. Idan akwai Sarkin Zazzau a ciki, an rage miki aiki: Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, sannan Shehu Idris. Tutar Ingila a gaban ofis tana nuna kafin 1 ga Oktoba 1960. Farashi da sule ko fam a bayan hoto yana nuna kafin 1973, shekarar da naira ta shigo. 'Yan dokan En'e a cikin kayansu ba za su wuce ƙarshen shekarun 1960 ba, lokacin da aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya, kuma a daidai wannan zamanin ne kotunan alƙalai suka bar hannun En'e suka koma ƙarƙashin gwamnatocin jihohi. Hotunan ofis na mahaifinku kuwa za su faro ne daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Ki duba da kyau ko akwai hoton alƙalai jere a gaban gini da allo a ƙasa. Gab da fara aiki da sabuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa a 1960, an riƙa kawo alƙalai kwas a makarantar koyon mulki da ke Kongo, nan Zariya, kuma irin wannan hoton yana gidaje da yawa daga Sakkwato har Adamawa. Idan bayan hoton ajami ne ko Larabci da shekarar Hijira, ki riƙe cewa 1380 ta kama ne a tsakiyar 1960, sai ki ƙirga gaba ko baya. Hatimin shagon mai hoto ma shaida ne, saboda haka bayan hoto ana kwafe shi kamar gabansa.

Kwafewa, da maganar sa kala

Ki nemi shagon da ke da sikana mai shimfiɗa, ba irin wadda ke jan takarda ta ciki ba. Ki tsaya a yi a gabanki, kada ki bar hotunan su kwana. Ki ce a sa ɗigo 600 a kowane inci, ƙananan irin na fasfo 1200, a kwafe da kala ko da hoton baƙi da fari ne, a ajiye a TIFF, wato nau'in fayil da ba ya rage wa hoto kyau, sannan a fitar da JPEG, mai ƙaramin nauyi, don rabawa. In ba sikana, waya mai kyau ta wadatar: a inuwa da hantsi, ba filasha, hoton a shimfiɗe, wayar a miƙe daidai samansa. Wajen turawa a WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, wato Document, in ba haka ba manhajar tana matse shi ta rage masa kyau. Kwafin ya zauna wuri uku, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a wani gari, ɗaya a intanet, don waya tana faɗawa ruwa kuma ana sace ta.

Sa kala da waya ba ya taɓa takardar, don haka bai kai laminatin haɗari ba, amma ina da ƙorafi a kansa. Manhajar ba ta san kakanku ba. Inda hoton ya dusashe ƙirƙira take yi: ta gyara hanci, ta share tsagar gado a kumatu don ta ɗauka tabo ne, ta ba rawani launin da ta ga dama, ta murje aikin allurar da ke wuyan riga. A wurin mai muƙami kuwa waɗannan abubuwan su ne bayanin. Idan yayanku yana son mai kala don sha'awa, ya yi, amma a rubuta a jikinsa cewa na'ura ce ta sa kalar, kuma kwafin farko da ba a taɓa ba shi ne za a riƙa ba duk wanda ya nema. Jan da hotunan mahaifinku suka yi ana iya rage shi sosai a kwamfuta, wannan gyara ne mai kyau, don rinin yana nan, raguwa ya yi.

Inda za su zauna

Adakar Hajiya ba ta yi laifi ba, ita ta tsare su daga gara da ɓera da haske duk shekarun nan. A ci gaba da amfani da ita in ba ta yi tsatsa ta ciki ba. A fitar da zanen, da jaridu, da roba mai ɗaure kuɗi, da ambulan mai ruwan ƙasa, duk suna sa hoto ɗorawa. Kowane hoto a ninke masa farar takardar kwafi sabuwa, a jera su a kwance, manya a ƙasa. Albam mai danƙo da leda a sama, wanda aka yi yayi a da, a rabu da shi, haka duk ledar da ke warin sabon takalmin roba. A yanayinmu na fi yarda da takarda a kan leda, don leda tana riƙe gumi. A rufe adakar a ranar da iska ta bushe, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, a riƙa canza su. A ɗora ta a kan benci a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da ruwa ke duka, ba a saman kabad kusa da kwano ba, ba kusa da madafa ba. Kada a fesa maganin sauro a ciki, kada a sa kafur. Firiji ma a'a, tunda wuta tana zuwa tana tafiya, kowace ɗaukewa raɓa ce a kan hoto. A buɗe a duba sau biyu a shekara, farkon damina da bayanta. Idan kuma kin ga dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a cikin adakar, ki ware shi a ambulan nasa daban, musamman in yana warin tsami, domin tururinsa yana lalata na kusa da shi.

In Allah ya kawo tsautsayin ruwa, a raba su tun suna jiƙe, a ɗauraye da ruwa mai tsabta mai sanyi, a shimfiɗa su fuska sama a inuwa, kada ɗaya ya hau ɗaya.

Saura mutane. A kusan kowane gida akwai wanda ba ya son hoto a rataye saboda addini. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba, amma ina roƙon duk wanda ya sauke hoto ya miƙa shi ga mai adaka, kada ya ƙona. Akwai kuma masu aro: za a yi kalanda, za a buga littafin tarihin gari, za a yi bikin naɗi. Hotunan da suka fita ta wannan ƙofar kaɗan ne suke dawowa, don haka mai aro kwafi za a ba shi, ko wane ne. Ku zauna ku 'yan'uwa ku amince wa zai riƙe na ainihin, a rubuta, kowa ya samu kwafinsa cikakke, kada a raba su kamar kayan gado ɗaya nan ɗaya can.

Tunda kuna Zariya, Kaduna ba nisa. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda takardun larduna da na En'e suke, wurare ne da ya dace ki je da kwafi da littafin sunayenki. Mai yiwuwa ki samu sunan alƙali a takardun lardin Zariya, ki san shekarar da aka naɗa shi da garuruwan da ya zauna. Idan wata rana kuka yanke shawarar ba da na ainihin ajiya a irin waɗannan wurare, ku nemi ganin ɗakin da za a sa su, ku karɓi takardar shaida mai jerin hotunan ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗin cewa jikoki za su iya zuwa su gani. Amma wannan na gaba ne. A wannan makon, ki sayi fensir da littafi da bandir ɗin farar takarda, ki sauke hoton falo, ki kira gwaggonku mafi tsufa ki tambaye ta ranar da za ki zo.